Babi na Huɗu: Iyaye da Jarrabawar Kwaman

Jarrabawar da ake yi wa yara a ƙarshen karatun firamare a Nijeriya, wadda aka fi sani da kwaman entarans, ko kwaman a taƙaice, ba guda ɗaya ba ce. Akwai ta tarayya, wadda hukumar NECO ke gudanarwa sau ɗaya a shekara domin zaɓen yaran da za su shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya. Akwai ta jiha, wadda ma'aikatar ilimi ko wani sashe nata ke shiryawa domin rarraba 'yan aji shida zuwa ƙananan sakandaren gwamnatin jihar. Makarantun sojoji, irin su Makarantar Soja ta Zariya da makarantun Command, suna da tasu, haka ma kusan kowace makarantar kuɗi mai ji da kanta. Shi ya sa a birni za a iya samun yaro ɗan shekara 11 da ya zauna jarrabawa uku ko huɗu tsakanin bazara da tsakiyar damina, kowace da fom ɗinta da kuɗinta da ranarta.

Ta tarayya ce ta fi suna, ita ce kuma ta fi tayar da ƙura, duk da cewa masu zama domin ta ba su da yawa. Yaran da ke yin rajistarta a shekara yawanci ba sa kai dubu 100 a duk faɗin ƙasar, har da 'yan cibiyoyin da ake buɗewa a Jamhuriyar Benin da Togo, alhali masu gama firamare miliyoyi ne. A takarda yaro ne ke zaman jarrabawar. A zahiri kuwa gidansu ake aunawa: ko akwai wanda ya san da ita a gidan, ko akwai kuɗin shiri, ko ana jin Turanci, ko kuma akwai ƙarfin halin tura ɗan ƙaramin yaro makarantar kwana idan ya ci.

Makarantun da ake nema

Kwalejojin tarayya sun samo tushe daga King's College ta Legas, wadda aka buɗe a 1909, da Queen's College ta 'yan mata a 1927. A 1966 aka ƙara uku, a Sakkwato da Warri da Okposi. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ga cewa hanya ɗaya ta ɗinke ɓarakar ƙasa ita ce a haɗa 'ya'yan kabilu daban-daban tun suna ƙanana su kwana ɗaki ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya. Daga 1973 aka shiga buɗe su jiha-jiha, ciki har da na Kano da Kaduna, aka kuma riƙa kiransu makarantun haɗin kan ƙasa. An daɗe ana ƙidaya guda 104, daga baya aka ƙara wasu. A Arewa akwai na 'yan mata a Kazaure da Bakori da Minjibir da Gusau da Tambuwal da Potiskum, akwai kuma na Daura da Azare da Birnin Yauri da Buni Yadi da sauransu. Hukumar WAEC ce ta daɗe tana shirya jarrabawar shigarsu, kafin a miƙa ta ga wata hukumar auna ilimi da aka kafa a farkon shekarun 1990, wadda NECO ta gada a 1999 tare da mazauninta a Minna.

Kakannin yaran da ke zaman kwaman a yau sun san wani zamani na daban. A lokacin Turawa, har zuwa bayan samun 'yancin kai, hakimi ne ke yanka wa dagatai yawan yaran da za su kawo elementare, iyaye kuma na ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su gabas almajiranci don kada boko ya ɗauke su. Wanda aka kama, idan ya yi ƙoƙari, gwamnati ce ke kai shi midil ko kwaleji, ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, har kuɗin mota ta ba shi. Cikin tsatso biyu abin ya juye: gurbin da aka gudu daga gare shi jiya shi ne yau ake bi da kuɗi da ƙafa da addu'a. Wannan juyi bai kai ko'ina lokaci ɗaya ba. A unguwannin ma'aikata na Kaduna da Kano da Abuja ya daɗe da kammala, a ƙauyuka da dama kuwa har yanzu akwai uban da bai taɓa jin sunan jarrabawar tarayya ba, ko da kwalejin tana cikin ƙaramar hukumarsa.

Shiri

A makarantun kuɗi shiri kan fara tun daga aji huɗu ko biyar. Wata rana yaro zai dawo gida da takarda daga ofishin shugaban makaranta: an fara lesin bayan tashi, ga kuɗinsa, ga jerin littattafan da za a saya. Idan iyaye suka yi ƙorafi, amsar malamai ɗaya ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Littattafan kuwa yawanci tarin tambayoyin shekarun baya ne, irin su jerin Ugo C. Ugo da ya shahara a kasuwa, kuma aikin da ake yi da su maimaici ne har sai hannun yaro ya saba.

Matsala ta farko da gidan Bahaushe ke cin karo da ita ita ce lokaci. Yinin yaro a cike yake tun kafin lesin ya shigo: boko daga safe zuwa azahar, Islamiyya bayan la'asar, wasu kuma da karatun allo ko hadda bayan magariba, Asabar da Lahadi da safe ma Islamiyya ce a wurare da yawa. Lesin ba shi da inda zai zauna sai ya ture wani abu. Nan ake samun saɓani tsakanin uba da uwa, ko tsakanin gida da malamin Islamiyya, musamman idan yaron ya kusa sauka. Wasu gidajen kan nemi a ɗaga wa yaro ƙafa na zango ɗaya, wasu kan ɗauko malami ya zo gida da dare, wasu kuma su ce karatun addini ba ya jiran kowa, kwaman ta yi haƙuri da abin da ya rage. Daga 2023 zuwa 2025 azumi ya riƙa faɗowa a watannin Maris da Afrilu, daidai tsakiyar shirin kuma daidai tsananin zafi, abin da ya ƙara matse lokacin.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, wato harshe. Jarrabawar tarayya takarda biyu ce. Ta farko ta ƙunshi lissafi da kimiyya, da Turanci da ilimin zaman jama'a. Ta biyu gwajin basira ce: ta fuskar lambobi, ta fuskar kalmomi, da ta fuskar sana'o'i. Dukkansu da Turanci ake yin su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci. A yawancin makarantun gwamnati na ƙasar Hausa, abin da ke faruwa shi ne malami ya rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa har aji shida, yara su kwafa. Yaron da ya taso haka zai iya sanin lissafin sarai, amma tambayar da aka naɗe cikin jimla uku na Turanci ta gagare shi. Ɗan kafinta ya fi mai shirya tambayar sanin zarto da guduma, amma idan aka tambaye shi aikinsu da sunan da bai taɓa ji ba, sai ya yi canki-canka. Yaron makarantar kuɗi da ake cin tararsa idan ya yi Hausa a aji ya shiga ɗakin da rabin makin a aljihu.

Gwajin basirar lambobi shi ne inda iyaye da yawa ke sallamawa. Ana zana da'ira ko dala ko murabba'i, a zuba lambobi a kusurwoyi, a ba da misali biyu ko uku, sannan a bar gurbi ɗaya a ce yaro ya gano ƙa'idar da ta haɗa su. Ba sabon abu ba ne a ga uba mai digiri ya yi shiru a kan irin wannan tambaya, yaro na kallonsa. An ƙirƙiro wannan sashe ne don a auna kaifin ƙwaƙwalwa ba tare da la'akari da irin makarantar da yaro ya fito ba, sai dai siffofin tambayoyin ba su da yawa, suna kuma maimaituwa shekara bayan shekara, don haka wanda aka horar ya gan su tun kafin ranar. Sashen da aka yi don daidaita yara ya zama wanda lesin ya fi tasiri a kansa.

Nauyin wannan shiri na yau da kullum yawanci a kan uwa yake. Ita ke tashin yaro, ita ke zaunar da shi da littafi bayan isha, ita ke karɓar saƙonnin malamai a zauren WhatsApp na iyayen aji. Inda uwar ba ta yi boko ba, aikin kan faɗa kan yaya ko wata ɗalibar maƙwabta. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuma, idan aka yi rashin sa'a 'ya'yan ɗakuna biyu suka zo aji ɗaya, sakamakon kwaman kan zama abin da ake auna ɗaki da ɗaki, yara su ɗauki nauyin da ba nasu ba.

Akwai kuma batun tsallake aji. Makarantun kuɗi da dama kusan ba su da aji shida, domin iyaye na kwashe yara daga aji biyar, wani lokaci ma huɗu, su zauna jarrabawa. Dalilin farko lissafi ne: an rage kuɗin makaranta na shekara guda. Na biyu alfahari ne, a ce ɗan wane ya shiga sakandare yana shekara 9. Tsarin ƙasa ya ɗauka yaro zai shiga firamare yana shekara 6 ya fita yana 12, ƙa'idar NECO kuma ita ce kada mai zama ya gaza shekara 10. Ana kauce wa wannan da takardar rantsuwa ta kotu. Illar takan bayyana sau biyu: da farko a ɗakin kwana, inda yaron da bai iya wanke kayansa ba zai zauna da waɗanda suka girme shi da shekara 7 ko 8, sannan a ƙofar jami'a, inda mafi ƙarancin shekarun shiga 16 ne, sai a koma gyaran takardun da aka riga aka gyara sau ɗaya.

Rajista

Rajistar jarrabawar tarayya ta intanet ake yin ta. Makarantun kuɗi kan haɗa ta 'yan ajinsu gaba ɗaya, su ɗora ladansu a kai. Uban da ɗansa ke makarantar gwamnati kuwa sau da yawa shi zai nemi shagon kwamfuta da kansa, ya kai hoton fasfo da takardar haihuwa, ya biya kuɗin hukuma da na mai shago, ya kuma tsaya a kansa don kada a rubuta sunan yaro ba daidai ba. Kuskuren harafi ɗaya a nan kan bi yaro har takardar gama sakandare. Fom ɗin kan nemi a zaɓi makarantu daga shiyyoyin ƙasar, domin manufar asali ita ce ɗan Katsina ya iya tsintar kansa a Enugu. Kaɗan ne daga iyayen yau ke cike wannan sashe da niyyar cikawa. Idanunsu na kan kwalejin da za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya.

A wannan mataki ne mafi yawan yaran Arewa ke fita daga gasar, tun ba a raba takarda ba. A 2018, ana dab da jarrabawa, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana cewa yara 28 kacal suka yi rajista daga jihar Zamfara, alhali na Legas sun haura dubu 20. Kebbi da Taraba ma ba su kai 100 kowace ba a lokacin. Maganar ta jawo surutu, hukumomin Zamfara suka sa hannu a harkar rajistar, cikin shekara 3 adadin ya koma dubbai. Yaran jihar ba su canza ba a wannan ɗan tsakani. Abin da ya canza shi ne an sami wanda ya kai labari makarantu, ya kuma sauke wa iyaye wahalar fom.

Ranar jarrabawa

Ranar Asabar ake yin jarrabawar tarayya, a da cikin Afrilu, a 'yan shekarun nan kuma ta fi faɗowa a Yuni. A 2020 annobar korona ta tura ta har Oktoba. Tun da sassafe bakin ƙofar cibiya ke cika da motoci da babura da a-daidaita-sahu. Yaro na riƙe da katin jarrabawa mai hotonsa da fensir biyu ko uku da abin gogewa. Kafin a fito daga gida an riga an yi abin da aka saba: wani an ba shi rubutu ya sha, wani an yi masa tofi, an raba sadakar ƙosai ko waina, kaka ta sa albarka. A bakin ƙofa kuma nasihar kusan iri ɗaya ce a kowane baki: ka yi bismilla kafin ka fara, kada ka yi sauri, kada ka bar tambaya ba ka cike ba.

Nasihar ƙarshe tana da dalili. Amsoshin na zaɓi ne, ana cike ɗan gurbi da fensir a takardar da na'ura za ta karanta. Yaron da bai taɓa ganin irin wannan takarda ba zai iya sanin amsa ya cike layin da ba nata ba, daga nan duk abin da ya biyo baya ya goce. Haka ma lambar jarrabawa: idan aka cike ta ba daidai ba, sakamako na iya ɓacewa. Makarantun da suka san kan abin sukan ware makonni suna koya wa yara wannan cikewa kawai.

Da an rufe ƙofa, iyaye kan rage a waje cikin rana, ƙarƙashin duk inuwar da ta samu. Masu ruwan leda da masu awara na ciniki, 'yan sanda ko jami'an sibil difens na korar masu leƙe ta katanga. A nan ne iyayen da ba su san juna ba ke musayar labari: wace kwaleji ce ke da ruwa, wacce ce abincinta ya lalace, wa ya san wani a ma'aikata. Mafi yawan abin da iyaye suka sani game da kwalejojin tarayya a irin wannan tsayuwa suka ji shi, ba daga wata takardar hukuma ba.

Ba za a tsallake batun satar amsa ba, domin a wannan mataki ba yaro ne ke shirya ta ba. Ɗan shekara 10 bai san wanda zai gani ba, bai kuma da abin bayarwa. Inda aka yi maguɗi, manya ne suka yi: makarantar da ke son ta yi tallar cewa duk 'yan ajinta sun ci, mai sa ido da aka gani da wani abu, da iyayen da suka biya wani kuɗi mai suna marar ma'ana ba su tambayi na mene ne ba. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, amma ba kasafai ake jin an kai uba ko uwa kotu ba. Abin da yaron ya koya a ranar, cewa ana iya rubuta amsa a allo manya na kallo, ya fi daɗewa a kansa fiye da duk abin da ya haddace a lesin.

Sakamako da rikicin maki

Bayan 'yan makonni sakamako kan fito, a duba ta intanet. Sai dai ganin maki ba shi ne samun gurbi ba. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya na raba guraben kashi uku: kashi 60 cikin 100 bisa cancanta, 30 bisa daidaito tsakanin jihohi, 10 kuma bisa abin da ake kira larura. Kaso na biyu ne ya haifar da makin shiga na jiha-jiha, wanda ya fi komai jawo wa wannan jarrabawa zagi.

Jerin 2013 shi ne ya fi yawo. Daga cikin maki 200, ɗan Anambra na buƙatar 139, ɗan Imo 138, ɗan Legas 133. Kaduna 91, Kano 67, Katsina 60. A Yobe namiji na buƙatar 2, mace 27. A Zamfara namiji 4, mace 2. Ga uban da ke Onitsha wanda 'yarsa ta ci 130 aka ce ba ta samu ba, babu bayanin da zai shiga kunnensa, kuma fushinsa na kan hanya. Ba a 2013 aka fara wannan ƙorafi ba. Tun a 1988 wani uba ɗan asalin jihar Ogun ya shigar da ƙara a madadin 'yarsa, a shari'ar da aka sani da Badejo, domin makinta ya gaza na jiharta da kaɗan alhali ya zarce na wasu jihohin nesa ba kusa ba. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, amma sai a 1996 aka rufe ta, lokacin da batun shigar yarinyar aji ɗaya ya daɗe da wucewa. Bayan jerin 2013 lauya Olisa Agbakoba ya sake kai maganar Babbar Kotun Tarayya a Legas, yana dogaro da sashe na 42 na tsarin mulki wanda ya hana nuna bambanci saboda asali, kuma a Nuwamba 2014 kotun ta ba shi gaskiya. Kason daidaiton jihohi dai bai fita daga tsarin rabon ba, masu kare shi kuma na nuni da sashe na 14 na tsarin mulkin, mai maganar damawa da kowane yanki.

Iyayen Arewa na ɗaukar wannan jeri da wani nauyi na daban. Duk shekara sai an zaro shi a kafafen sada zumunta a matsayin hujjar cewa 'ya'yansu daƙiƙai ne, kuma yaron Gusau da ya ci 170 da guminsa zai shiga kwaleji ana yi masa kallon mai maki 4. Amma lambar ba ta faɗin abin da ake zaton tana faɗa. Makin shiga na jiha shi ne makin yaro na ƙarshe da ya cike kason jihar. Idan guraben da aka ware wa jiha sun kai yawan waɗanda suka zauna, ko sun fi su, dole layin ya sauka har kan wanda ya fi kowa ƙarancin maki. Maki 2 shaida ce ta cewa kusan babu wanda ya zo, ba ma'aunin basirar yaran jihar ba. Wannan ba ya wanke makarantun firamaren gwamnati na yankin, waɗanda rauninsu a karatu da lissafi sananne ne. Yana dai nuna cewa ciwon ya fi abin da ake yi wa dariya girma.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Jihar da ake yi wa yaro hukunci da ita ita ce ta asalin mahaifinsa, ba inda aka haife shi ko ya yi karatu ba, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma ce ke tabbatar da ita. Saboda haka ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi aji ɗaya da 'yan Fagge, da makin Anambra za a auna shi. Ɗan babban ma'aikaci ɗan asalin Yobe kuwa, wanda ya tashi a Abuja yana makarantar kuɗi mai tsada, da makin Yobe zai shiga. Rangwamen da aka yi da sunan ɗan manomin karkara sau da yawa a hannun ɗan birni yake ƙarewa, domin shi ne ya san da fom ɗin. Wannan ne kuma ya buɗe kasuwar takardun asali na ƙarya. Kashi 10 na larura shi ne ƙofar da masu ƙafa ke bi, kuma makonnin da ke biyo bayan sakamako lokaci ne na kiran waya da kai gaisuwa.

Bayan an samu

Takardar shiga na zuwa da nata jerin. Gwamnati na cewa koyarwa kyauta ce a kwalejojinta, amma akwai kuɗin kwana da na kayan makaranta da na littattafai da sauran ƙananan caji. A 2023 jimillar abin da sabon ɗalibi zai biya a zangon farko ta tashi daga naira dubu 45 zuwa dubu 100. Ban da wannan akwai katifa da bokiti da gidan sauro da akwati da tsintsiya da fartanya, akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, akwai guzurin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da madara, ga kuɗin mota na kaiwa da na ranar ziyara. Duk wannan na faɗowa a watan Satumba, lokacin da rumbun manomi ya yi ƙasa, sabon amfani kuma bai kai kasuwa ba. Idan aka gwada da makarantar kwana ta kuɗi, kwalejin tarayya na da sauƙi ƙwarai, wanda shi ne sirrin farin jininta a wurin ma'aikata. Ga mai ƙaramin ƙarfi kuwa, nan ne gurbin da yaro ya ci ke suɓucewa.

Tsaro ya ƙara wani lissafin da iyayen shekarun 1980 ba su sani ba. A daren 25 ga Fabrairu 2014 'yan Boko Haram suka shiga kwalejin tarayya ta Buni Yadi a Yobe suka kashe ɗalibai maza gommai. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga ta Birnin Yauri a Kebbi, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Haɗe da abin da ya faru a makarantun jihohi na Chibok da Dapchi da Ƙanƙara da Jangebe, kalmar makarantar kwana ta sauya ma'ana a kunnen iyaye. Uban da ya yi shekara biyu yana biyan lesin zai iya karɓar takardar shiga, ya duba sunan garin, ya ninke ta ya ajiye. Abin ya fi tsanani a kan 'ya mace, wadda dama akwai dangin da ke ganin kwananta a wani gari bai dace ba. Yanzu sun sami hujjar da ba a iya musawa.

Jarrabawar mafi yawa

Ga mafi yawan gidaje, kwaman na nufin ta jiha. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, karatun shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, ya zama kyauta kuma wajibi. Bisa wannan, jarrabawar jiha ba ta kayar da yaro ba ce, ta nuna inda za a kai shi ce. Shirinta ba shi da hayaniya: hedimasta ya tattara sunaye, wani lokaci da ɗan kuɗin hoto, yara su je wata makaranta su zauna, iyaye da yawa ba su ma san ranar ba.

Damuwar na farawa ne idan jerin sunaye ya iso. Ƙananan sakandare ba su kai firamare yawa ba, musamman a karkara, inda makaranta ɗaya ke karɓar yaran ƙauyuka da dama. A birni ana iya tura yarinya makarantar da sai ta hau mota biyu, kuɗin motar wata ɗaya kuma ya fi ƙarfin gidan. Daga nan uba zai fara zirga-zirga tsakanin hedimasta da ofishin ilimi na shiyya yana neman canji, ya tarar makarantar da ke kusa da gida ajinta ya cika har ana zama a ƙasa. Wanda ya sami canjin ya ci gaba. Wanda bai samu ba, idan da hali, ya koma ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwa ko Islamiyya mai haɗe da boko. Idan babu hali, namiji ya tafi kasuwa ko garejin koyon sana'a, mace ta zauna gida ko ta ɗauki talla, sunayensu kuma na nan a jerin waɗanda suka ci jarrabawa aka ba su makaranta.